Tulun Inna da Matata

Bayan rasuwar mahaifinmu, Inna ta bar gidanmu na cikin gari ta dawo wurina da zama. Ni ne autanta, don haka ba wanda ya yi gardama. Na gyara mata ɗaki, na sa fanka, ina ta murna za mu koma irin zaman da muke yi ina yaro, ina tsugune gabanta tana ba ni labari.

Cikin kayan da ta zo da su har da wani tsohon tulu baƙi. A cikinsa take haɗa ruwan khal tun kafin a haife ni. Lokacin mangwaro ne, sai wani ɗan'uwanmu ya kawo mana buhu guda daga gonarsa ta Miri, rabinsa ya nuna har ya fara lugub. Inna ta sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar bayan kicin. Na naɗe hannun riga na zo zan zauna.

"Auta, tashi ka tafi aikinka," in ji ta. Ta juya ga matata. "'Yata, kawo wuƙa da mazarƙwaila."

Da na dawo da la'asar sun gama. Sun yanyanka mangwaron cikin tulu, sun zuba ruwa da mazarƙwaila, sun ɗaure bakin da farin ƙyalle. Matata ce ta yi mini bayani, wai kullum da safe sai an juya da muciya har kumfa ta daina tasowa, sannan a tace a mayar, a bar shi ya yi tsami da kansa. Ni da na tashi da warin tulun nan a hancina, ni ake yi wa bayani.

Daga ranar, safiya ta zama tasu. Ina ɗaki ina shiri sai in ji ƙarar muciya da dariya. Inna ba mai yawan dariya ba ce, amma ga shi har tana tari. In na leƙo sai su yi shiru, matata ta ce, "Yallabai, ga shayinka can a falo." Wata rana na tsaya a bayan taga na ji Inna tana ba ta labarin yadda kakarmu take ajiye tulun a rugarsu, tana sako kalmomin Fulatanci, matata tana maimaitawa. Ni ba a taɓa ba ni wannan labarin ba, Fulatancin ma gaisuwa kawai na iya.

Ana cikin haka Inna ta tafi Zungur duba ƙanwarta da ba ta da lafiya. Da ta kira wayata na yi saurin ɗauka. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ba ni 'yata." Ina tsaye ina ji tana tambaya ko farar fatar nan ta fito a saman ruwan, wadda take kira uwa. Matata ta ce ta fito. Inna ta yi ta sa mata albarka, har katin ya ƙare.

Bayan ta dawo, ranar da aka buɗe tulun, Inna ta ɗebo a ludayi ta miƙa wa matata ta fara ɗanɗanawa. Na kasa haƙuri.

"Inna, ni fa kika haifa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, wa ya ce ba kai ba ne? Kai ko na kore ka kana nan. Ita kuwa uwarta tana nesa."

Ta ba ni ludayin bayan haka. Ya yi tsami sosai, ƙamshin mangwaro na tashi a ciki. Na ce ya yi, na miƙa mata.

Da yamma na hau babur na tafi gidan yayata na kai ƙara. Na zaci za ta yi mini dariya, sai na ga ta ɓata rai. Ashe ta daɗe tana roƙon Inna ta ba ta tulun nan, ana ce mata sai wata rana. Washegari da sassafe sai ga ta a gidana da bokitin mangwaro. Inna ta matsa mata a tabarma, suka zauna su uku. Ni kuwa aka aike ni kasuwa sayen mazarƙwaila.