Kuje da Katin Nan Mai Suna Biyu

Ana idar da sallar asuba muka bar Dutse Alhaji, ni da abokin aikina, mutumin Filato, wanda shi ke da motar. Motar tasa idan ta kwana a ruwa sai an tura take tashi, kuma an kwana ana ruwa. Haka na fara tafiyar, taɓo har idon sawu, ina tura mota ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Wanda ya aike ni wani mai shagon ɗaukar bidiyon biki da suna ne a Kuje. Duk aikinsa tun buɗe shagon yana cikin wata tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar ajiya, da ya saya ta hannu. Kwanan nan da ya fara kwafar bidiyo sai ta sandare, ɗaya daga cikin faifayenta kuma yana ta ƙas-ƙas. Ya sayo sabon faifai babba don a kwashe komai, katin da ke kula da faifayen ya ƙi gane shi. Magani shi ne a sabunta manhajar da ke cikin katin kansa, wadda muke kira famwaya.

Titin Kubwa lafiya lau, amma a Lugbe muka tarar da wata tirela ta kwanta, gosulo ya haɗu. Masu sayar da caja da gurasa sun fi mu sauri da ƙafa. Kafin mu karya kwanar Kuje muka tsaya cin masa. Masar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, mai masar kuma ta haɗe rai kamar mu muka ƙara kuɗin shinkafa. Daga nan sai ramuka cike da ruwa da ƴan acaba masu ɗauke da buhunan masara. Kafin mu isa bayana ya riƙe.

A bencin ƙofar shagon muka samu wata mata cikin hijabi, da ƴar ƙaramar yarinya a cinyarta. Mai shagon ya ja ni gefe ya yi mini bayani. Mijinta ya rasu a hatsarin mota, wayarsa ta tafi a hatsarin. Ta gama takaba, gobe yayanta zai zo ya mayar da ita Gombe. A bidiyon sunan yarinyar nan ne kawai muryar mamacin ta rage, inda ya karɓi makirfo ya yi wa ƴarsa addu'a. Kwafin da aka ba su tun tuni ya lalace. Na asalin yana cikin sabar da na zo dubawa.

"Injiniya, yau zan samu ko?" in ji ta.

Na ce in Allah ya yarda.

Da na buɗe sabar na zaro katin, sai na ga abin da nake gudu. Sitikar da ke kansa ta kamfani ɗaya ce, amma wani kamfanin daban ya ƙera shi, na farkon sunansa kawai ya manna ya sayar. Masu sitikar sun daina fitar da sabuwar famwaya tun tuni. Ta masu ƙerawar tana nan, sai dai katin ba ya karɓarta, don shi a ganinsa ɗan wancan gidan ne. Dole a goge masa kai tas, sannan a zuba sabuwar. Tsakanin gogewa da zubawa, idan wuta ta ƙifta, shi ke nan.

Akwatin batirin da ya kamata ya riƙe wuta ya mutu, an ɗora masa fulas ɗin shayi. Babu wuta a unguwar, don haka muka tayar da janareta, muka cika masa tanki. Na ja wa mai shagon kunne kada a taɓa wuta, na ja wa abokina kunne. Na goge katin. Na fara zuba sabuwar, layi yana tafiya a allo a hankali, mu uku mun zuba masa ido, zufa na bin wuyana.

Sai muka ji ihun yara a layi, an kawo wuta. Kafin in ɗago kai na ji ƙarau daga waje, inda makunnin sauya layin wuta yake. Allon ya yi baƙi, fitilar shagon ta ƙifta ta dawo, janareta ya yi shiru.

Matar ta leƙo da fara'arta. "Oga, na juya muku layi, na kashe janareta. Na ga an kawo, na ce kada manka ya ƙone a banza saboda ni."

Innalillahi. Mai shagon ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Me za ka ce mata? Abin da take yi a gidanta ta yi, kuma don ta taimaka.

Na kunna sabar, katin bai ko motsa ba. Na canja masa ramin da ake soka shi, na gwada duk dabarar da na sani har la'asar ta wuce, ko abinci ban nema ba. Bidiyon yana nan a faifayen, amma sai kati irin wannan sak zai iya karanta su, shi kuma sai an yi cigiyarsa a Legas, ga mai ƙas-ƙas ɗin nan ba wanda ya san ko zai ƙara tashi. Na ce da mai shagon kada ya sake kunna sabar.

Na fito na ce mata katin ne ya ƙi, sai an samo wani. Ta gyara wa yarinyar hula. Can ta ce, "Ba komai, Injiniya. Kun wahala saboda mu. Allah ya saka da alheri." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa ko rediyo ba mu kunna ba. Abokina, da ba ya iya rufe baki, sau ɗaya ya yi magana, ya ce da mun sa mata kujera a ciki. Gaskiyarsa. Na tsare janareta, na gargaɗi masu taya ni, ban yi wa mai abin bayani ba, don na ɗauka aikin bai shafe ta ba sai jira. Abin da Kuje ta koya mini ke nan: kafin ka fara irin wannan aikin, faɗa wa duk wanda hannunsa zai kai makunni, ka fara da mai kirkin cikinsu.

Na shiga gida bayan magariba, mataccen katin a aljihuna. Matata ta ce ya aiki, na ce da godiya, na ture tuwon gefe. Gobe da safe za a ɗauki matar nan zuwa Gombe, ba tare da muryar mijinta ba, kuma tana can tana sa mana albarka.