Abin da Ya Rage a Ɗinkin Buhun Yaya

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, bayan gajeriyar jinya. Ni ba marubuci ba ne. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗar haka ba, domin da hannuna na kafa injin casar shinkafa da ke ciyar da gidaje masu yawa a yau. Amma, Yaya, akwai maganar da ke damuna. Ke na saba kawo wa irinta, don haka ke zan gaya wa. Maganar irin jar shinkafarki ce, wanda yanzu yake gab da ɓacewa a hannunmu.

Kin ƙare ƙuruciyarki kina aikin jinya a asibiti. Da kika yi ritaya, muka zaci za ki huta. Sai kika koma ƴar gonar mahaifiyarmu ta bakin rafi, kika ci gaba da noma jar shinkafar nan ta dā, wadda duk manoman da na sani suka watsar saboda ba ta da yawan amfani kuma ba ta da farin jini a kasuwa. A iya sanina, ke kaɗai kika rage da irin.

Ba zan manta zuwanki ofishina ba, ki zauna a kujerata ba tare da izini ba, ki ɗebo dusa a tafin hannu ki ce, "Auta, kai fa mutumin kirki ne ga kaji. Ka ba su naman, ka sayar wa mutane ƙashin." In ce miki farar shinkafa ce ta gina wannan ofishi. Ki ce, "Ta gina ofishi, ta gina tumbi." Leburorina su juya baya suna dariya, ni kuma in ɗaure fuska.

Ke kika fahimtar da ni cewa jan nan da ke jikin ƙwayar ba ado ba ne. Kika ce a cikin wannan siririyar fatar da injina ke gogewa ake samun sinadaran da ke taimaka wa jiki, kuma shinkafar da aka bar ta da fatarta ba ta saurin ɗaga suga kamar wadda aka goge fes. Da likita ya ce ina da ciwon suga, ba ki yi mini gori ba. Kwanon jar shinkafarki kika aiko mini, da saƙo: "Wannan abinci ne, ba magani ba. In ka bar shan ƙwayoyinka, ni da kai ne." Daga nan na ware inji guda wanda ba ya komai sai cire ɓawo, domin ke.

Ba ni kaɗai ba ne. Duk kaka, tsofaffin da kika yi jinyarsu suna zuwa ƙofarki da jakunkunansu. Ki auna musu, ki haɗa da faɗa kan gishiri da shayi mai zaƙi, su tafi suna sa miki albarka.

Yanzu ga abin da ya faru. Da kika rasu, gida ya cika da masu gaisuwa, abinci ya ƙare. Ƴarki, wadda ta daɗe tana aure a nesa, ta shiga ɗakinki neman tabarmi, ta ga buhu a bayan ƙofa a kan katako. Ta aika da shi inji. Mai kula da injin ya ga shinkafar Yaya ce, ya casa ta da girmamawa, yadda ya saba. Aka dafa.

Ina zaune cikin mutane aka ajiye mini faranti. Loma ɗaya na kai baki na gane. Na tashi na shiga cikin gida na kira ta.

"Ƴata, daga ina aka samo wannan?"

"Buhun bayan ƙofar Mama ne, Kawu. Ko ba ta dahu ba?"

Shinkafar ci tana ɗakin ajiya. Wadda kike kwana da ita a ɗakinki, kike ɗaga ta daga ƙasa don sanyi, irin shuka ne na daminar bana. Yaya, mun zauna muna kukan rashinki, muna cinye abin da kika bari. Har ƙari aka yi ta nema, ana cewa ba a taɓa cin mai daɗinta ba.

Da maraice wani tsohon tela, cikin waɗanda kike auna wa, ya riƙe hannuna zai yi sallama. Ya ce, "Mai inji, to bana wa zai ba mu?" Ban san lokacin da bakina ya ce masa "Ni" ba. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba.

Na bi sawun buhun har na same shi a cikin shara a bayan inji. Na juya shi ciki waje, na zauna a ƙasa da babbar rigata, leburori suna kallo, na riƙa tsince ƙwayoyin da suka maƙale a ɗinki. Ba su cika tafin hannu ba. Na zuba ƙasa a baho na shuka su a ƙofar ofishina, na hana kowa taɓawa. Kullum da safe nakan durƙusa in duba. Har yau da nake rubutun nan, ƙasar shiru take. Ban san ko ruwan ya yi yawa ba ko ya yi kaɗan, kuma wadda zan tambaya tana kabari.

Ƴata, na san tun da kika ji ba ki daina kuka ba. Ki share hawayenki. Kin ga baƙin mahaifiyarki da yunwa kin ciyar da su, da tana raye ma da ba ta bar su haka ba. Ba ki da laifi a wurina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƴaƴanki da jikokinki, da abokan aikinki na asibiti, da tsofaffin da suka rasa mai yi musu faɗa. Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba mu haƙurin da ni dai ban same shi ba tukuna. Ya Ubangiji, Kai ne Mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙwaya. Na yi wa tsoho alkawari da sunan baiwarKa. Ko guda ɗaya ce, Ka raya mana.