Makullin Tayar Gaba

A gefen tashar Ƙanƙara, inda dillalai ke jera motocin shiga daji, wani dattijo yana tsugune tsakanin motoci biyu. Rigarsa wankakkiya ce, amma jar laka ta bushe a takalmansa har idon sawu. Fuskarsa ba ta nuna komai.

Dillalin yana ta zuba bayani. Duka biyun da ƙafa huɗu suke ja. Farar motar tsohon yayi ce: in an zo taɓo sai direba ya sauka, ya murɗa makullin da ke tsakiyar kowace tayar gaba. Baƙar kuwa maɓalli ake dannawa daga ciki.

"Amma Baba, a lakar hanyar Sabuwa farar ta fi riƙe ƙasa. Ba ta kafewa."

Dattijon bai ɗago ba. Yana murɗa makullin, ya miƙe, ya zagaya ta gaban motar, ya murɗa ɗayan, ya dawo ya taɓa ƙofar direba. Leɓunansa na motsi, yana auna tsawon lokacin. Sau uku ke nan yana yi.

Ni da ke tsaye a gefe ina kallo, ina jin wani nasa ya taɓa sauka haka a bakin rafi, inda 'yan bindiga ke fakewa, kuma bai koma kujerarsa ba. Ɗa ne ko ƙane, ban sani ba.

Dattijon yana share hannunsa a riga, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba riƙon ƙasa nike tambaya ba, ɗana. Wacce ce ba sai an sauka ba?"