Tanderun Sama'ila Kuku

Sama'ila mutumin Matankari ne, ɗan manoma. Bai cika shekara ashirin ba aka kama shi aikin tilas, aka kai shi ɗaukar duwatsu a hanyar mota da ake shimfiɗawa ta Dogon Dutsi. Wata huɗu yana wannan aiki har gashin tsakar kansa ya ƙone. Sai kukun wani Anasara mai kula da aikin hanyar ya mutu. Anasaran ya bi layin leburori yana duba hannuwa, ya ga na Sama'ila ba ƙazuwa, ya nuna shi da bulala. Ta haka ya shiga madafa, aka ce masa kwana uku kawai zai yi, ya kuwa shekara goma sha ɗaya a ciki, daga wannan Anasara a miƙa shi ga wancan kamar tukunya.

A can ya koyi burodi. Ya iya shi har matan Anasara suna aiko da nasu kukun ya gani. Amma ko sau ɗaya bai taɓa cin wanda ya gasa da zafinsa ba, sai in ya kwana ya bushe.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi shela cewa an soke aikin tilas. Sama'ila ya naɗe tabarmarsa ya fito. Abin da ya ɗauko kawai wata 'yar ƙwarya ce mai ƙullun tsami, wanda ake tayar da burodi da shi. Ya auri Zalihatu, wata bazawara daga Kiyeshe, mace mai ƙwazo da kaifin baki, suka zauna a gefen Dogon Dutsi, kusa da inda kamiyo, manyan motocin kaya, ke tsayawa shan ruwa.

Nan tunanin ya zo masa. Direbobi da fasinjojinsu suna sauka da yunwa, ba abin da suke samu sai fura da dafaffen rogo. Ya ce zai gina tanderu. Zalihatu ta sayar da awakinta uku, ya bi ayarin jakai ya ƙetara wajen Argungu ya sayo alkama buhu biyu. Ita ta yi ta jido ruwa, shi yana kwaɓa laka da harawa, sai da suka kwana ashirin kafin ginin ya tashi. Mutane suka riƙa tsayawa kallo, wasu suna cewa rumbu ne, wasu suna cewa ɗakin iskoki. Aka sa ranar kasuwa mai zuwa za a fara gashi.

Saura kwana biyu sai ga Inusa bisa doki. Inusa gardi ne, wato ɗan sandan Anasara, ɗan ƙanin uban Sama'ila, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Bai sauka ba.

"Yaya, labarinka ya kai wurin sabon Anasaran hanya," in ji shi. "Madan, matar tasa, ta yi murna ƙwarai. Kullum da sahe za ka kai burodi ashirin, kai da kanka. In sunka yi baƙi kuma, ka tsaya ka kama masu aiki."

"Saye za su yi?"

Inusa ya dubi kunnen dokinsa. "Ba su ce ba."

"Ai an ce an soke tilas."

"An soke, Yaya. Wanga roƙo na. Amma ka san takardar izinin sana'a sai da bakinai ake samunta."

Sama'ila ya daɗe tsaye bayan dokin ya tafi. Ya san wannan irin roƙon. Yau ashirin, gobe talatin, jibi a ce ya dawo madafa gaba ɗaya tunda nesa tana sa burodin ya huce. Ya shiga gida ya ɗauko taɓarya.

Zalihatu ta fito da gudu da ta ji dukan farko a kan tanderun. "Maigida! Haukacewa ka yi? Awakina na kaka farfashewa!"

"Ba ni ƙara gasa ma kowa kyauta."

"To ka ba su ashirin ɗin mana, mu saida saura! Wa ya taɓa mutuwa don burodi ashirin?"

Ya yi ta duka har rufin ya rufta ciki. Ƙullun tsamin da ya shekara yana ciyarwa da gari, ya juye wa kaji. Da Inusa ya dawo, Sama'ila ya ce masa ginin ne ya tsage ya faɗi. Inusa ya dubi taɓaryar, ya juya dokinsa.

Alkamar suka ci ta tuwo da kunu. Kafin damina suka koma Matankari, ya karɓi gonar ubansa.

Wata biyu da komawarsu labari ya zo cewa an ɗauke Anasaran an kai shi wata ƙasa, wanda ya gaje shi kuwa gwauro ne da bai damu da kowa ba. Shekara ba ta zagayo ba wani baƙo ɗan Dahome ya gina tanderu a daidai wurin nan, kan tarkacen lakarsu. Ya yi arziki, ya sayi kamiyo.

Zalihatu ba ta rabu da shi ba, ba ta kuma yafe ba. Duk shekarar da hatsi ya gaza, sai ta ajiye masa akushi ta ce, "Ga shi, mai zuciya." Shi kuma ya ci. Sau ɗaya kawai Inusa, bayan ya tsufa ya ajiye kaki, ya tambaye shi ko ya yi nadama.

Sama'ila ya ce, "Da na san wata biyu na, da na haƙura. Amma wancan karon ma kwana uku anka ce mini."

Ya rasu ana saura shekara ɗaya Anasara su tafi. Zalihatu ta bar Matankari bayan ta gama takaba, ta koma wurin ƙaninta a Kiyeshe, tana sayar da daddawa.