Azumina na Farko a Gindin Dutse

Mu a Getso rana ba ta ɓoye mana. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kana tsaye a bayan gida za ka ga ta sauka cikin karan dawa har ta nutse. Da haka na san magariba tun ina ƙarama.

A zamanin Turawa ne, shekarar da na fara azumi, ƙanen Baba da ke aikin kuza a Riruwai ya aiko cewa an yi masa haihuwa. Muka hau bayan wata babbar mota, ni da Baba da Inna da kakata Iya, da tabarmi da tukunya da ƙullin fura. Baba ya ce matafiyi yana da rangwame, in sha ruwa abina. Na ƙi. Duk azumin da na ɗauka kafin nan a azahar yake karyewa, kuma na ci alwashin wannan sai na kai shi.

"Ƙyale ta," in ji Iya. "Kafin la'asar za ka ji tana lasar murfin tulu."

Bayan la'asar ƙasa ta fara tashi. Ban taɓa ganin abin da ya fi rimi tsawo ba, sai ga duwatsu baƙaƙe, wani a kan wani, bishiyoyi sun fito daga tsagarsu, birai na zaune suna kallonmu kamar mu ne abin kallo. Iya ta daina tsokana, sai tasbihi.

A wani kwari motar ta yi zafi, direba ya ce nan za a kwana. Aka ɗaura tamfol jikin motar, Inna ta haɗa murhu da duwatsu. Ba a jima ba rana ta shige bayan dutsen yamma, inuwa ta rufe mu, sanyi ya sauko.

"Alhamdu lillahi, ta faɗi," in ji Baba. Inna ta dama fura ta miƙo mini ƙwarya. "Ungo, 'yar nan, kin kai."

Maƙogwarona kamar an zuba toka. Na ɗaga ƙwaryar, sai idona ya sauka a kan dutsen gabas. Kansa yana ci da haske, ja kamar garwashi. Kowa ya ba shi baya, ni kaɗai nake gani. Ƙamshin furar yana hancina.

"Baba," na ce, "to waccan ranar ta wane ne?"

Ya waiwaya. Sannan ya ajiye dabinon da ke hannunsa. "Allahu akbar. Ba ta faɗi ba, dutse ne ya tare mana ita."

Muka zauna a jere a kan tabarma muna kallo. Inuwa tana hawan dutsen a hankali, hasken yana tsukewa, ya koma kamar hula, ya koma kamar bakin fitila. Iya ta karɓi ƙwaryar ta riƙe mini. Ban taɓa jin ƙanƙantata da girman Ubangiji irin na lokacin ba.

Da hasken ya ɗauke, Baba ya ƙara jinkirtawa kaɗan, sannan ya yi kiran salla, duwatsun suka maimaita. Iya ta kai ƙwaryar bakina da hannunta.

"Sha, mai taurin kai," ta ce. "Yau har namu kika kai mana."