Yadda gaisuwa ta kusa cinye mana kwalbati

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da komawa ƙauyenmu da zama ba, akwai wani rafi da ya raba mu da titin da ke zuwa Kiru. Da rani ko akuya ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, yashi ne zalla. Amma da zarar damina ta kankama, sai ya koma shi ne mai gari. Kwalbatin da ke kansa ruwa ya tafi da shi tun ina ɗan makaranta, aka bar mu da mashigi mai laka da santsi. 'Yan acaɓa a tsallake suke tsayawa, mai ƙafa ya naɗe wando ya je ya same su.

Mahaifiyata kuwa ba ta da wannan ƙafar. Tana fama da ciwon suga, ga gwiwa, kuma duk wata sai ta je asibiti an duba ta. Ƙannena duk mata ne, suna gidajen aurensu can nesa, ni kaɗai ne a kusa, kuma ni ne ɗan fari. Kun dai san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wancan" nake, kuma ko kwanon abinci ba ta miƙo mini hannu da hannu. To wannan matar ce nake durƙusa wa a bakin rafi ta hau bayana, maza suna kawar da kai, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska har mu tsallake. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai na lura duk ranar da muka je asibiti muka dawo, ba ta cin abinci.

Ana haka aka zo zaɓen kansila. Wanda ya fito ɗan garin da ke tsallake ne, mun san shi, ya san mu. A bakin rafin nan ya tsaya, ya ɗaga babbar riga don kada ta taɓa laka, ya ce in Allah ya ba shi, kwalbati ne aikinsa na farko. Muka yi layi a rana muka dangwala masa. Ya ci, aka rantsar da shi, damina ta zo ta wuce, ko tsakuwa ba mu gani ba.

Ni da abokina, wani malamin firamare mai zafin kai irina, muka ce sai an je an tuna masa. Dattawa suka ce sun yarda, amma ba a zuwa wurin babba sai da manya. Aka haɗa mu da mai unguwa, da liman, da kawuna wanda aka ce shi zai yi magana don ya fi kowa iya baki. Ni kuwa tun a hanya nake bitar abin da zan faɗa, har da wurin da zan ɗaga murya.

Honarabul ya tarbe mu a zaure da fara'a. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo lemo mai sanyi, aka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ya iyali, ya jama'a, ya ƙoƙari. Har ya kai ga cewa, "Ya ruwa?" Ina ji da kunnena kawuna ya amsa da "Ruwa ya yi gyara, ranka ya daɗe." Ruwan da ya raba mu da duniya. Da ya tambaya ko lafiya muka taso gaba ɗaya haka, kawu ya gyara zama ya ce lafiya lau, mun zo taya murna ne, tunda ba mu samu zuwa ba tun da aka rantsar da shi. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Ni da na zo da jawabi a baki, amin kawai na samu faɗa, kuma na ci shinkafa da kaza har na ƙara. A hanyar dawowa kawu ya ce ai ba a fara zuwa gidan mutum da kuka, yau an buɗe ƙofa ne.

Ƙofar nan mun yi ta buɗe ta har ƙyauren ya gaji. Zuwa na gaba muka tarar an yi masa rasuwa, ya zama ta'aziyya. Na bayansa matarsa ta haihu, ya zama barka. Wani zuwan ya dawo daga Umara ke nan, muka sha zamzam muka ci dabino muka taho. Har na fara zargin ko akwai mai sanar da shi ranar da za mu zo. Sau ɗaya muka same shi babu rasuwa babu suna, na yi ta maza na ce, "Ranka ya daɗe, maganar rafin nan..." Ban rufe baki ba kawu ya mintsine ni a cinya, ya ce a yi haƙuri, yaro ne. Ni da furfura a gemu da 'ya'ya a sakandare. Honarabul ya yi murmushi ya ce abin yana ransa, aka shafa fatiha.

Da wa'adinsa ya zo ƙarewa, aka aiko cewa zai shigo garinmu neman ƙuri'a. Ƙarshen damina ne, rafi bai janye ba. Ni da abokina muka tafa, muka ce Allah ya kawo mu. Ba sai kowa ya yi rashin kunya ba, motarsa kawai za ta kafe a laka, ya fito ya naɗe wando kamar kowa, rafin ya yi masa bayani da kansa.

Ana gobe zai zo, da safe na ji hayaniya da kiɗa daga wajen rafi. Na je na tarar da garinmu kaf a cikin ruwa. Mai unguwa ya kira gayya. Masu cika buhu da yashi suna yi, amalanken shanu suna kawo duwatsu da jar ƙasa, mata sun aiko da kunu. Mutanen da suka shekara suna cewa aikin nan ya fi ƙarfinmu, sai gwamnati, su ne kafin la'asar suka yi hanyar da ko tirela za ta bi. Na samu kawu, raina a ɓace, na tambaye shi me ke nan.

"So kake a ce baƙo ya zo garinmu motarsa ta kafe?" in ji shi. "Ina za mu sa fuskarmu?"

Na ce to fuskar 'yar'uwarsa fa, da take rufewa duk wata a bayana? Ya ce wannan ai maganar cikin gida ce. Kuma don takaici ya cika, ba a tsayawa ana kallon dattawa suna aiki, haka na tuɓe riga ni ma na ɗauki buhu.

Washegari motoci suka wuce sumul. Honarabul ya karɓi lasifika ya ce ya yi mamaki, ashe hanyarmu ta fi ta garinsu kyau. Aka yi masa tafi. Abokina ya juya ya tafi gida ko sallama bai yi mini ba.

Bayan taro ya ce sai ya shiga ya gaida mahaifiyata, don ƙawar marigayiya mahaifiyarsa ce, ya sha furarta yana yaro. Muka shiga da shi, kawu da mai unguwa suna biye. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin tabarmarta.

"Inna, ina wuni. Ya jiki?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san amsar. Ko mutum yana gargara, da sauƙi zai ce. Mahaifiyata ta dube shi, ta ce, "Babu sauƙi, ɗan nan."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta kalli inda nake ba. Ta ce, "Wancan da kake gani, tunda na haife shi ban taɓa kama sunansa ba. Yau shi yake goya ni a gaban maza. Buhunan da ka taka ka shigo, jiya aka zuba maka su, ruwa ɗaya zai kwashe su. In uwarka ce da rai, a bayan wa za ta tsallaka?"

Honarabul ya sunkuyar da kai. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tashi, har ya manta da takalminsa sai da aka bi shi da su.

Kuna tsammanin gari ya yaba mata? Kafin magariba magana ta zagaya cewa tsohuwa ta kunyata baƙo. Washegari dattawa suka shirya suka tafi ba shi haƙuri. A duk tafiye-tafiyen da muka yi gidan mutumin nan, wannan ce kaɗai aka faɗi abin da ya kawo mu tun kafin a sha ruwa. Sai dai mata sun riga sun ɗauki zancen, ana maimaita shi a bakin rijiya da gidan suna, har tsallake. Kafin ranar zaɓe tifa ta sauke tsakuwa a bakin rafi, kuma ba a tsaya a tsakuwar ba. Da aka gama kwalbatin, aka sake haɗa tawaga aka je godiya. Ban je ba. Babu kuma wanda ya leƙo ya gode wa wadda ta yi maganar.

Kwanan nan abokina yake ba ni labari wai a wasu ƙasashe har babban lauyan jiha zaɓensa ake yi da ƙuri'a, don ya tuhumi masu muƙami in sun ci amana. Yana ganin da za a kawo mana haka, da mun huta. Na ce masa ba na musu, abu ne mai kyau. Amma mu da na sani, za mu zaɓe shi, mu je taya murna, ya ce ya ruwa, mu ce ya yi gyara. Ina son gaisuwarmu, da ita aka rene ni, sai dai har yau ina jin haushin yadda muka mai da ita bargo muka lulluɓe wanda ya kamata mu tsare da tambaya, muka bar tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yi abin da zauren maza ya kasa.

Yanzu ɗan acaɓa har ƙofar gida yake zuwa ɗaukarta. Ta koma yadda take, ni "wancan" ne, kuma in na gaishe ta da jiki, da sauƙi take cewa. Ni ne dai na canza. In ta ce da sauƙi ba na tashi, sai na gyara zama na sake tambaya.