Ranar da Gawa Ta Yi Minshari a Kalgo

Kakana Umaru mutumin Gwandu ne, kuma dariya ce take kayar da shi. Ba zolaya nake yi ba. In abu ya ba shi dariya sosai, sai gwiwoyinsa su saki, wuya ya karkace, baki ya rataye, ya zube ƙasa kamar rigar da ta zame daga igiya. Yana jin duk abin da ake faɗi, ya san wanda ya tsaya a kansa, amma ko ɗan yatsa ba ya iya ɗagawa. Jim kaɗan sai ya miƙe ya kakkaɓe wando. Shi ya sa tun yana saurayi, wajen shekarun da Nasara suka shigo ƙasar, 'yan unguwarsu suka laƙaba masa suna Langaɓau.

Ni ban riske shi ba. Matarsa Zulai, kakata, ita ta ba ni labarinsa, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Ba dariya kaɗai ba ce. Barci ma ba ya yi masa sallama. Yana tafe bayan jakinsa da rana tsaka sai gyangyaɗi ya ɗebe shi, ƙafa tana tafiya, shi kuwa yana mafarki ido rabi buɗe. Ya taɓa tsayawa a hanyar Dalijan ya gaida wani dattijo har da durƙuso, da ya wartsake sai ya ga kututturen giginya ne. In ya kwanta kailula kuma, sau da yawa dannau ke tarbarsa a bakin farkawa. Uwarsa Dije ta kai shi wurin malamai, Gwandu kuwa ba a neman malami da fitila. Rubutun da ya sha ya isa a yi wa doki wanka, abin bai ko girgiza ba. Likitocin yanzu suna cewa idan mutum yana mafarki ƙwaƙwalwa takan ɗaure jikinsa don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani, wasu mutane kuma ɗaurin yakan zo musu suna ido biyu. A lokacin wa ya san wannan? Abin da Gwandu ta sani shi ne, in Langaɓau ya faɗi, a bar shi, zai tashi.

Abu ɗaya yake tsoro a duniya. Ya sha gaya wa Dije: "Inna, wata rana zan hwaɗi inda ba a san ni ba, a yi man sutura ina ji." Takan ce ya daina mugun baki, amma ita ma abin yana cinta.

To ga shi sana'arsa ta tafiya ce. Yana loda wa jaki albasa da gero ya kai Kalgo da ke bakin gulbi, tafiyar kwana biyu, ya komo da bandar kifi. Mai hankali zai gaya wa mutanen Kalgo halin da yake ciki. Kakana kuwa, Allah Ya jiƙansa, girman kai ya hana shi. Wai kada a raina shi a bakin gulbi. Dabarar da ya ga ta fi ita ce, da ya hango garin sai ya ɗaure fuska tamau, ya yi ciniki ya juyo. Shekara goma sha wani abu yana zuwa, ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa. Har suna ce masa Bagwanden nan mai fushi da duniya.

Zulai a lokacin bazawara ce, tana banda kifi a gindin wata tsamiya, ga baki kamar reza. Ta ce da ni tun ran da ta fara ganinsa ta yi wa kanta alkawari sai ta sa shi dariya. Ta gwada ba'a, ta gwada kwaikwayon tafiyar malaman Gwandu, shi dai ya cije leɓe ya dubi ƙasa. Ashe mutum da ransa yake kokawa, ita tana ganin wulaƙanci ne.

Sai shekarar marisuwa ta zo, murar nan da ta share gidaje bayan yaƙin Nasara. Mutum ya yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin azahar an kai shi. Umaru ya iso Kalgo da hantsi ya tarar gari ya yi tsit, maza suna dawowa daga maƙabarta da ƙasa a gwiwa. Tun a hanya aka gaya masa mai bandar gindin tsamiya ta kwanta. Da ya ƙaraso ya same ta zaune tana hura wuta, ta rame amma tana nan, wani daɗi ya taso masa wanda bai shirya masa ba.

A daidai nan jakinsa ya cusa kai cikin kwandon da ke gefenta, ya ɗago, kwando ya maƙale masa a ka. Jaki ya tsaya ƙiƙam, kunne ɗaya ya leƙo ta ɓula. Zulai ba ta yi wata-wata ba, ta durƙusa gaban jakin ta dunƙule hannu.

"Allah shi ja zamanin Sarkin Albasa! Yaushe anka yi naɗin ba mu ji ganga ba?"

Dariyar shekara da shekaru ta fashe gaba ɗaya. Sauti ɗaya ya fita, gwiwa ta saki, Umaru ya zube gefen murhu, shiru.

Zulai ta ƙwalla ihu. Mutane suka sheƙo, aka kira Malam Adamu, limamin unguwar, tsoho ne da shi kansa zazzaɓi bai gama sakinsa ba. Ya ɗaga hannun Umaru ya saki, hannu ya faɗi yaraf. Ya dafa ƙirji ta saman riga mai kauri, ga koke-koke, bai ji komai ba. Ya shafe masa ido ya yi salati. Ba na ganin laifinsa. Gawa shida ya sallata tun safe, ta bakwai ba ta ba shi mamaki ba.

Umaru kuwa yana nan ciki sarai. Ya ji salatin, ya ji an ce a kawo makara, ya ji wani yana cewa akwai rami guda da aka gina ba a sa kowa ba. Ya yi ihu, ihun bai wuce maƙogwaro ba. Da a Gwandu ne da tuni ya tashi, amma abin nasa tashin hankali ke ƙara ɗaure shi. Duk lokacin da ƙarfi ya fara dawowa yatsa, sai tsoro ya sake zare shi. Can ya samu ya ɗan natsu, ya ji babban yatsan ƙafa zai motsa, sai Malam Adamu ya fara yabo:

"Bawan Allah mai kamun kai. Wanga mutum bai san wasa ba, bai san dariya ba, har yab bar duniya."

Wayyo! Dariya ta sake taso masa daga ciki, yatsa ya koma ya mutu. Aka ɗora shi a makara, maza huɗu suka ɗaga za su kai shi inda za a yi masa wanka.

Zulai tana gefe tana kuka, tana cewa bakinta ya kashe baƙo. Da makara ta gifta ta gabanta ta ɗaga kai don ta yi masa kallon ƙarshe. Mayafin da aka rufa masa ya zame daga fuska, sai ta ga ƙwayar idonsa tana kai da kawowa a ƙarƙashin fata. Ta yi tsalle ta cafke ƙafar makara da hannu biyu.

"Ku aje shi! Wanga bai mutu ba!"

"Ke Zulai, ki ji tsoron Allah," in ji Malam Adamu. "Ina kinka taɓa ganin mace ta tare makara?"

"Malam, ina kat taɓa ganin gawa na juya ido? Ku dubi idonai!"

Aka duba. Idon ya tsaya cak, don tsoro ya sake kama mai shi. Wani ya ce zazzaɓi ya taɓa mata kai, wani ya kama hannunta zai ɓamɓare. Ta ce sai dai a haɗa da ita a rufe. Da Malam ya ga abin zai zama tashin hankali, ga shi ba ya da ƙarfin gardama, ya ce a sauke a inuwar tsamiya.

"In anka kira la'asar bai motsa ba, mu yi mai sutura. Kin ji?"

Ta ce ta ji. Ta kori kowa, har masu kuka. Ba ta san maganin abin ba, amma ta lura da abu ɗaya: in hayaniya ta tashi idon yakan daskare, in an yi shiru ya motsa. Sai ta zauna nesa kaɗan, ta jawo kifinta tana gyarawa, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jinjiri. Ba ba'a, ba kuka. Yadda ake banda kifi ta riƙa gaya masa: yadda ake fede tarwaɗa, a lanƙwasa ta a soke, irin itacen da hayaƙinsa ba ya ɗaci, sau nawa ake juyawa. Ta ce da ni a duk rayuwarta ba ta taɓa yin hira marar daɗi irin wannan ba, ga inuwar tsamiya tana ta tsawo.

Ladan ya yi gyaran murya. Mazan nan huɗu suka dawo da Malam a gaba, suka sunkuya za su kama makara. Sai gawa ta ja wani minshari mai ƙarfi, irin na wanda ya sha fura ya ƙoshi.

Kai, ranar an ga gudu a Kalgo! Ɗaya ya faɗa kwandon kifi, ɗaya bai tsaya ba sai bakin ruwa. Malam Adamu dai ƙafa ta ƙi, ya zauna daɓas yana kabbara. Zancen banda ne ya kwantar wa Umaru da hankali har barcin gaske ya ɗauke shi. Da ya farka ya tashi zaune a kan makara, ya dubi liman ya ce: "Malam, na ji yabo, na gode. Amma akwai gyara." Garin da ya yi mako bai ji dariya ba ya ɗauka gaba ɗaya, Umaru ya taya su, ya sake langaɓewa. Wannan karon aka bar shi ya tashi da kansa.

Kafin damina aka ɗaura musu aure, ya kai ta Gwandu. Daga nan bai sake ɗaure wa kowa fuska ba. In Zulai ta ɗauko labari sai ya ce, "Dakata in zamna," ya nemi ƙasa ya jingina da bango, sannan ya ce ta ci gaba. Alkawari ɗaya ya karɓa a wurinta: duk ran da aka ce ya mutu, kada a ɗauke shi sai ta duba idonsa.

Shekara tara suka yi, suka haifi uwata. Wata kaka zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, rana ta shida da hantsi ya yi shiru. Mutanen Gwandu sun san labarin Kalgo, don haka ba wanda ya kawo makara. Suka zauna a ƙofar gida suka ce sai la'asar, ba tare da ta roƙa ba.

Ta rufe ɗaki ta zauna kusa da kansa. Ta fara daga fede tarwaɗa, ta bi bandar kifi har ƙarshe, ta sake daga farko, idonta a kan fatar idonsa. Da ta ga rana ta karkata ta gwada masa Sarkin Albasa, har da durƙuson. Ladan ya kira salla, ta jira ya gama, ta ƙara jira kaɗan. Sannan ta fito ta tsaya a bakin zaure.

"Ku shigo ku ɗauka," ta ce. "Na duba."